Farantin Borghild

Shekara hamsin da ɗoriya Torleiv Myklebust ya yi yana hawa dutsen bayan gidansa farautar barewa, kuma a duk tsawon zamanin nan ma'auninsa ɗaya ne, farantin cin abincin matarsa Borghild. Farin faranti ne mai shuɗin baki, gefe guda ya ɗan ɓalle. Duk ƙarshen bazara sai ya kifa shi a kan kwali, ya zagaye shi da fensir, ya kafe kwalin a jikin kututture. Ya ce girman zuciya da huhun barewa ke nan in ta ba ka gefe, babu ƙari babu ragi.

Borghild takan leƙo ta taga ta ce, "Malam, in ka gama da shi a dawo min da abina. Ba don barewa na saye shi ba."

Samarin kwarinmu na Nordfjord kuwa sun haukace da bindigogin zamani. Sai ka ga mutum ya wuni a kwance yana neman harsashi uku su shiga rami ɗaya, wai a rufe da kwabo. Torleiv bai taɓa raina su ba, yakan tsaya ya kalla har ya yaba. Shi dai tsohuwar bindigar da ya gada wajen mahaifinsa ba ta san kwabo ba, faranti ta sani. Sai dai sharaɗinsa ya fi na kowa tsauri: harbi ɗaya tak, bindiga da sanyinta, bayan ka hau gangara kana haki. Dalilinsa shi ne barewa ba ta jiran mutum ya huta, kuma ba ta ba da dama ta biyu.

Kafintan jiragen ruwa ne, mutum mai ƙarancin magana da taurin kai irin na mutanen bakin ruwa. Bai taɓa rataye ƙaho a bango ba. Nama yake nema, kuma rabin tsofaffin matan ƙauyen da namansa suke fita hunturu. Borghild ta rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga nan gidan ya yi masa faɗi, dutsen ne kaɗai ya rage masa abin da zai tashi da safe dominsa.

A bana ne hannunsa na dama ya soma rawa. Da fari yana ɓoye shi a aljihu, daga baya gahawa ta tona masa asiri, don kullum sai ta zube a teburi. 'Yarsa Gunnvor, malamar asibiti ce a gari kuma ita ma maharbiya, ta gani ta kau da kai. Ta san halin ubanta.

Kowane mafarauci sai ya ci gwajin harbi na shekara kafin a bar shi ya fita, harsashi biyar cikin da'ira daga mita ɗari. Torleiv ya je filin, ya kwanta, ya ɗaure hannun da igiyar bindiga tamau, ya jira rawar ta lafa kafin kowane harbi. Duk biyar suka shiga. Reidar, abokinsa tun na makaranta wanda ke lura da filin, ya daki kafaɗarsa.

"Kai, tsohon banza, ashe da sauranka! Ni na riga na sa wa bindigarka kuɗi."

"Ka mutu tukuna, sai in saya maka fure da kuɗin," in ji Torleiv.

Aka yi dariya, kowa ya taya shi murna. Shi kaɗai ne bai yi ba, don ya san kwanciya a tabarma daban, dutse daban.

Ranar Asabar ya kira Gunnvor. Ta same shi a kicin ya kifa farantin a kan kwali, fensir na tsalle a hannunsa, da'irar ta fito kamar yaro ya zana. Ta karɓa ta zana masa wata. Ya sa alama a gefen hagu, ya ce nan ne kan barewar, kamar yadda ya saba.

"Baba, ka fa ci gwaji. Hukuma ta yarda. Me kuma kake nema?"

"Hukuma ba ta taɓa bin sawun jini ba, 'yar nan. Ɗauko kwalin."

Suka kafe shi a kututturen, suka sauka har bakin ruwa, sannan suka hawo gangaren. Sau biyu yana tsayawa ya dafa gwiwa. Da suka kai wajen da ya saba tsayawa ya yi harbi, bai huta ba. Ya durƙusa, ya ɗora kunci a kan bindigar, numfashinsa na fita da ƙara. Gunnvor na kallon bakin bindigar yana lilo, zuciyarta ta karye. Ya ja kunama, ƙarar ta dawo daga wancan ƙetaren ruwan.

"Je ki gano," ya ce, "ƙafata ta gaji."

Ta tafi. Ramin na wajen da'ira da kamar faɗin tafin hannu, ta gefen dama. Ta daɗe a tsaye. Akwai ƙusa a aljihunta, ba abin da zai hana ta huda tsakiya ta naɗe gefen, idonsa ba ya gani daga can. Ta so ta yi, wallahi ta so. Amma shi ya koya mata harbi a kan wannan kututturen, sai ta cire kwalin ta kawo masa yadda yake.

Ya sa yatsa a ramin. "Baya ke nan."

"Iska ce, Baba. Ka sake ɗaya."

"Babu iska, Gunnvor. Wannan ciki ne. Da barewa ce, da ta shige kurmi da hanjinta a fashe, ta kwana biyu tana mutuwa, ni kuma ina gida ina shan gahawa." Ya zare ƙarfen da ke tura harsashi daga jikin bindigar, ya sa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. "Bindigar tana ɗan cin hagu in ta yi zafi. Kada ki bar Reidar ya taɓa ta."

Ta saka ƙarfen a aljihunta. Suka gangaro, ita da bindiga a kafaɗa, shi da kwali a hammata.

A gida ta buɗe firiza, ta tarar ƙulli ɗaya ya rage na naman bara, harbinsa na ƙarshe. Ta dafa shi da dankali da miyar kirim yadda uwarta ke yi, ta wanke fensir daga bakin farantin, ta zuba masa a ciki. Ya ɗauki cokali mai yatsu. Hannun ya yi ta rawa, ƙarfen na ƙwanƙwasa tangaran, yankan naman ya kuɓuce ya faɗa teburi. Ya dube shi, ya yi 'yar dariya da ruwa a idonsa.

"Kin gani ko? Wannan a gabana yake, shi ma na kuskure."

Gunnvor ta ɗauke yankan ta mayar masa cikin farantin, ta matso da kujerarta kusa da tasa.