Mai Gyara Ƙarshen Labari

Abdulwahid mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Iyayensa Hausawan Sudan ne. Ya tsallako Jidda a alif ɗari tara da hamsin da uku da niyyar aikin Hajji, sai girki ya riƙe shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dafa wa wani Bature ɗan Girka abinci, a ƙaramin jirgin ruwan da ke janyo manyan jirage zuwa tasha. Baturen nan bakinsa ba ya hutawa. Da gurɓataccen Larabcinsa yake zuba masa labaran kakanninsu masu bautar alloli barkatai, allolin da ba su da aiki sai gaba da hassada.

Labaran suna yi wa Abdulwahid daɗi, ƙarshensu ne ke tsaya masa a maƙogwaro. Ta yaya masunci bai cuci kowa ba, alloli biyu su yi faɗa, ɗaya ya nutsar da shi don kawai ya ƙuntata wa ɗayan? Saboda haka duk Juma'a bayan la'asar, in leburorin tasha suka taru shan shayi a unguwar Bab Makka, sai ya kawo musu labarin a gyare. Allolin su koma aljanu, masuncin kuma a laƙa masa cin amanar maƙwabci. A bakin Abdulwahid ba wanda ke faɗuwa sai da dalili. Mutane su tashi da sanyin zuciya, shi kuwa gogan yana ganin lada yake kwasa.

Ana nan sai igiyar ƙugiyar ɗaga kaya ta tsinke a tasha, buhunan siminti suka rufto wa amininsa Bawa, mutumin da ko dabino ya tsinta sai ya yi cigiya. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi.

Ba a yi wata ba aka fara ƙus-ƙus. Mutum goma ne a wurin, me ya sa shi kaɗai? Masu zuwa dubiya suka ja baya. Ran nan matar Bawa, Rahamatu, ta tare Abdulwahid a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Yaya, kai ne amininsa. Don Allah faɗa mini abin da ya aikata, zan iya ɗauka."

"Wallahi bai yi komai ba."

"Duk labarin da yake kawo mini daga wurinka, ban taɓa jin wanda ya faɗi haka kawai ba."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoron abin da bakinsa ya shuka. Da Juma'a ta zagayo, ya ajiye kofin shayinsa, ya faɗa wa jama'a gaskiya. Ya ce shi ne ya yi wa labaran nan faci, masuncin bai cuci kowa ba, kuma ko a addininmu jarrabawa kan sami mutumin kirki.

Sai Othman, shugaban leburorin, ya dafa kafaɗarsa da tausayi.

"Halas, shi ke nan, ya sheikh, mun gane. Amininka kake rufa wa asiri, Allah ya saka maka. Yalla, maza ba mu na gaskiyar."

Abdulwahid ya tashi, kuma daga ranar bai ƙara ba da labari ba. Kai tsaye ya wuce gidan Bawa, ya same shi kwance yana kallon rufin kwano. Ya juya shi, ya goge masa baya, ya gyara masa matashi. Da zai miƙe, Bawa ya riƙe masa hannu.

"Abdulwahid, na yi ta bin rayuwata ɗaya bayan ɗaya tun daga yarinta, na kasa ganowa. Kai ka fi ni riƙe abu. Me na yi?"