Sigar a Gindin Randa

Shekaranjiya na bi ta bayan wani otel kusa da tsohon gari, sai wani ƙamshi ya tare ni, na tsaya cak da cefane a hannu. Wani baƙo ne ke zuƙar sigar a inuwa. Ba sigarin kwali nake nufi ba, wannan mai kaurin da ake naɗewa da ganyen taba zalla. Ni ba mashayiya ba ce, kada ka yi mini mummunan zato, amma hancina ya san ƙamshin nan tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko.

Babana direba ne, a zamanin da Turawa ke cika Agadas da sanyi. Yakan kai su Iferwan da cikin hamadar Tenere a motarsa kat-kat mai ratsa yashi, ya dawo baƙi wuluk, aljihu cike da alawa. Wata rana wani da ya ji daɗin tafiya ya ba shi sigar biyu. Ɗaya ya sha a kan soro da yamma, inda kakana ba zai gani ba, don ɗa ba ya shan taba gaban mahaifinsa ko da ya yi furfura. Ni ya sa gadin matakala. Na ga yadda ya yanke kan da wuƙa, ya gasa bakin a hankali, ya riƙe hayaƙin a baki bai haɗiye ba, ya lumshe ido. Ƙamshin kamar na sabuwar fata a rumfar dukancin kakana, da ɗan gahawa, da ƙasa idan ruwan farko ya taɓa ta. Ya ce farkonsa yaji-yaji ne, a tsakiya zaƙin dabino ke fitowa, ƙarshensa kuma ɗaci mai daɗi. Na ce zolayata yake, hayaƙi ba shi da tsakiya. Ya yi dariya har ya ƙware.

Na biyun ya naɗe a tsumma, ya sa a gwangwanin shayi, ya tura gindin randa inda yashi ba ya bushewa. Wai iskar garinmu tana kashe sigar, in ya bushe sai ya tsage.

Daga baya Turawa suka daina zuwa. Baba ya koma ɗaukar fasinja zuwa Dirku da gaba. Ranar tafiyarsa ta ƙarshe ya ce a kula masa da gwangwanin, in ya komo zai sha. Bai komo ba. Babu gawa, babu mota, babu wanda ya ce ya ga ko da taya.

Ka san al'adarmu. Baba ɗan fari ne, kakannina ba su taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa yabonsa a gaban mutane ba. "Yaron nan" suke cewa. Da ya ɓace, kowa a unguwa yana da damar yin kuka ban da su biyun da suka haife shi. Kakata mace ba za ta iya tambaya ko an ji labarinsa ba, sai dai kullum bayan ta yi alwala ta ce mini, "Ke, kin duba abin nan?" In ɗauko, ta murza shi kusa da kunnenta, in ta ji ya fara ƙaras-ƙaras ta yayyafa wa yashin ruwa. Matar da ko warin taba ba ta so. A bazara, ranar da famfo ya ɗauke, na ga ta rage ruwan shanta ta zuba a wurin.

Inna, mahaifiyata, kuwa tana nan a rataye, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Danginta suka yi ta zuwa daga Ingal suna roƙon a yi addu'a a sallame ta. Kakana ya sunkuyar da kai kan fatarsa, ya ce a ƙara haƙuri. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ni ina bayansa, gaskiya. Na ɗauka muddin abin nan bai tsage ba, Baba yana wani wuri yana shan shayi.

Wata la'asar da sanyi ya fara, kakana ya dawo daga masallaci, ya zauna a tabarma ya ce, "Amarya, kawo mini ajiyar yaron nan." Amarya yake ce mini don tsokana, amma ranar babu wasa a muryarsa. Na ƙi motsi. Kakata ce ta tashi ta ɗauko da hannunta.

Shi mai taunar taba da kanwa ne, bai taɓa kunna ta ba. Ya juya sigar bai san kai da gindi ba, ni na nuna masa inda ake yankewa, ina kuka. Ya yanke da wuƙar dukanci, ya ɗauki garwashi daga murhun shayi. Zuƙar farko ya haɗiye, ya yi ta tari. Na ce ba a haɗiyewa. Sai ya bi a sannu, tsakar gida ta cika da ƙamshin Baba. Inna ta fito bakin ƙofa ta tsaya. Toka ta yi tsawo ta faɗi.

Can kakata ta ce, "Malam, da daɗi?"

Ya daɗe yana kallon abin da ya rage a yatsunsa. Ya ce, "Da daɗi. Akwai dabino ciki. Yaron nan ya san abu mai kyau. Ɗa ne na kirki, wallahi ɗa ne na kirki."

Ban taɓa jin ya yabe shi ba sai ranar. Kakata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Washegari aka kira malamai, Inna ta shiga takaba. Na yi fushi da tsohon nan har ya bar duniya, sai da na girma na gane abin da ya haɗiye tare da hayaƙin.

Yanzu gidan an yi masa siminti, firijo ya kori randa, masu neman zinariya ne ke haya a ɗakin Baba. Ni ma ina da ɗan fari, kuma ya fara maganar tuƙi. Maƙwabta na ce mini marar kunya, wai ina kwaɗa masa kira da sunansa har a ji a titi, ina yabonsa a gaban baƙi. Su yi ta faɗa. Ni dai zan kira shi tun yana amsawa.