Kunnen Nomau Bakanike

Duk wanda ya taɓa kai babur wurin Nomau a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan ya san dokarsa, kuma guda ɗaya ce: kada ka gaya masa abin da ke damun babur ɗinka. Ka tayar da shi kawai, ka ja bakinka ka yi shiru. In kuwa bakin ya ƙi zama, ka fara murguɗa leɓe kana kwaikwayon ƙarar, wai "ƙwas-ƙwas yake yi, Baba," to ranar ka shiga uku, don sai ya kira maƙwabta su zo su ga babur mai gemu.

Mutumin ƙasar Madawa ne. Yana ɗan shekara goma sha tara ya hau saman buhunan albasa, ya kwana shida a hanya, ya sauka kusa da kasuwar Gouro da niyyar dako. Dakon bai karɓe shi ba, bayansa ba na buhu ba ne. Sai ya raɓu da wani bakanike ɗan Burkina a wani lungu da ke gangarowa daga Williamsville, ya shekara bakwai yana wanke ƙarfe cikin kananzir. A nan aka gano abin da Allah ya ba shi. Babur zai wuce ta bakin titi, Nomau yana duƙe bai ko ɗaga kai ba, sai ya ce wannan ba zai kai Juma'a ba. Kuma ba ya kaiwa.

Da ya buɗe rumfarsa, sai ya tsiro da salon aikinsa. Mai babur zai tuƙa, shi ya hau baya, ya runtse ido, su zaga unguwa sau ɗaya. Inda ya dafa kafaɗarka, nan za ka tsaya, ya faɗi sunan ciwon kafin ya taɓa ko sifana. Sauran makanikai kan duƙa su kama taya su jijjiga, su lalubi nan su lalubi can. Shi kuwa lalube yake kiran wannan, ya ce aikin wanda aka hana kunne ne. Ya faɗi haka a gaban mutane ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, cikin shekara arba'in da biyu. Yana da baki, Nomau, kada a ɓoye.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Abin da ya fara rasawa shi ne ƙarar man Fadimatu, mai suyar aloko, wato soyayyiyar ayaba, a jikin rumfarsa. Yana ganin ta zuba ayaba, yana ganin kumfa, amma shiru. Daga baya kiran sallar azahar ya daina iso masa, ya koma lura da lokacin da mutane suka fara ɗaukar buta. Wata rana ya ce wa matarsa Sa'a zai je sayen kayan gyara, ya zarce wani asibiti a Treichville. Likitan ya rubuta masa a takarda, don ya gaji da maimaitawa, cewa ƙarar injin ce ta cinye jijiyar, kuma ba ta dawowa. Akwai ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, zai taimaka wajen jin magana, amma ba irin jin da yake nema ba. Nomau ya sa wani ɗan makaranta a tasha ya karanta masa a kusa da kunne, ya yayyaga takardar, ya dawo gida ya ci tuwonsa. Bai gaya wa kowa ba.

Ya ci gaba da hawa baya yana runtse ido. Sai dai yanzu kafin ya hau yakan saci kallon babur ɗin, ya ga tsatsa, ya ga inda mai ke tsiyaya, ya haɗa da abin da ya sani na shekaru, ya yi canki. Cikin goma yakan dace da takwas. Tsoro dai bai bar cikinsa ba ko na yini ɗaya, domin in aka cire kunnen nan, bai san wane ne Nomau a Adjamé ba.

Ana haka ranar wata Litinin Yazid ya zo. Ɗan amininsa ne, marigayi Awwalu, wanda suka hau motar albasa ɗaya. Shi Yazid haifaffen Abidjan ne, Faransancinsa ya fi Hausarsa gudu, aikinsa kai takardun wani kamfanin fiton kaya tsakanin ofis da tashar jiragen ruwa. Kullum da safe shi ke goya matarsa Haulatu daga Williamsville, su tsallake gada, ya sauke ta a shagon ɗinkinta a Treichville. Cikinta wata bakwai.

"Baba, akwai wani bruit, wata ƙara, a bayan moto ɗin nan," in ji Yazid. Sai ya tuna doka, ya kama bakinsa.

Nomau ya hau, ya runtse ido. Suka zaga. Babu abin da ya ji sai gunjin nan da ke cikin kansa dare da rana, kamar an bar famfo a buɗe a ɗaki na kusa. Ya dafa kafaɗar Yazid.

"Kaca ta," ya ce. "Ta saki."

Ya ɗaure kaca, ya sa mata mai. Ranar Alhamis Yazid ya dawo yana sosa ƙeya. Suka sake zagawa, Nomau ya ce birki ne, ya kwance na baya ya sa sabo, alhali tsohon da sauransa. Litinin ta zagayo, ga Yazid kuma.

"Baba, pardon, har yanzu yana yi. In Haulatu ta hau ma ya fi yi."

Wannan karon Nomau ya duƙa a gindin tayar baya. Ya san abin da ya kamata. Ko wanda ya shiga aikin jiya ya san a ɗaga babur a kan ƙafarsa, a kama taya da hannu biyu a jijjiga. Har hannunsa ya miƙa. Sai ya ɗaga kai, ya ga Fadimatu da matsaminta a hannu, ya ga makanikan rumfar da ke kallon tasa, waɗanda ya shekara arba'in yana kira masu lalube. Hannun ya karkace, ya sauka kan shakazoba.

"Ga ɓarawon nan," ya ce. Ya canza ta.

Da Sa'a ta kawo abincin rana, kasa ci ya yi. Ya zauna yana kallon hanyar da Yazid ya bi. Ya yi niyyar bin sa gida bayan la'asar, ya jijjiga tayar a tsakar gidansu inda ba makanikai. Ya tuna gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, kowace ƙofa da ido. Ya ce gobe. Goben ya sake cewa gobe.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo babur ɗin a bayan keken kaya mai ƙafa uku. Yazid ya sauko, wandonsa a yage a gwiwa. A tsakiyar gada tayar baya ta yi rawa, ta cije. Allah ya sa cunkoso ne, ba gudu suke ba. Haulatu ta faɗi kan kwiɓinta.

"Tana ina?" in ji Nomau, da ƙarfi fiye da yadda ya sani.

"Maternité, asibitin haihuwa. Sun ce ɗan yana motsi. Sun ce a jira."

Nomau bai ji ba, a bakin Yazid ya karanta. Ya durƙusa a gaban kowa, ya kama tayar da hannu biyu. Ba ta ma bari ya jijjiga ba, da kanta ta kwanta gefe. Ya zare ƙarfen tsakiya, boris ɗin ya zubo masa a tafin hannu, rabi ƙwaya rabi gari, baƙi ƙirin, ko ɗigon giris babu. Ciwon da a da zai jiyo tun babur yana kwanar masallaci.

Yazid ya tsuguna daidai fuskarsa, ya buɗe baki sosai, yana magana a hankali. Sai a lokacin Nomau ya lura cewa haka yake yi masa magana tuntuni. Haka Fadimatu take yi. Haka mai shayi, haka liman.

"Baba, mun sani. Shekara biyu ke nan mun sani. Inna Sa'a ce ta bi mu ɗaya-ɗaya, ta ce mu riƙa fuskantarka in za mu yi magana, kada a ba ka kunya."

"Kai ma ka san boris ne?"

Yazid ya sunkuyar da kai. "Wani a port, tashar jirgi, ya faɗa mini tun satin farko. Amma yaya zan ce maka, Baba? Kuma yaya zan kai moto wani gareji, kai da ka yi mini huɗuba ranar da aka haife ni?"

To, ka ji. Unguwa guda ta ji ƙarar nan tana wucewa safe da yamma, kowa ya san mene ne, kowa ya kame bakinsa don girman tsoho, tsohon kuma ya kame hannunsa don girman kansa, aka bar mace da ciki tana hawa. Ni dai ban san wanda zan fi jin haushi ba. Nomau ya ɗaga kai. Ya dubi Sa'a, wadda ta iso da kwanon abinci ta tsaya daga nesa. Ba ta kau da kai ba, hawaye kawai take. Ya sa sabon boris, ya jijjiga tayar sau uku, sannan ya zauna a benci da garin ƙarfen a cikin aljihunsa, yana jiran labarin da ko an kira shi a waya ba zai ji ba.

Haulatu ta kwana huɗu a asibiti aka sallame ta, cikin yana nan. Yazid da kansa ya zo ya faɗa masa, fuska da fuska. Tun daga ranar a woro-woro, tasin haya, take zuwa shago.

Nomau bai rufe rumfa ba, ba shi da wata sana'ar. Washegari wani mai kai saƙo ya tsaya da babur, ya tayar da shi, ya gyara zama yana jiran tsoho ya hau baya kamar kullum. Nomau bai tashi daga benci ba.

"Kashe shi," ya ce. "Matso nan. Yaya ƙarar take yi? Yi mini da bakinka."

Mutumin ya waiga, yana zaton tarko ne a yi masa dariya. Babu wanda ya yi dariya. Fadimatu ta juya ga kaskonta. Sai mutumin ya murguɗa leɓe ya fara yi, Nomau kuma ya matso kusa, ya zuba wa bakin ido.