Sabarar da Na Tumɓuke

Sabarar da ke gonarmu ta tudu, can bayan Kaoje, ta girme ni. Gajeruwa ce, da ƙyar take wuce ƙugu, amma ko rani ya ƙone komai tana nan da ganyenta toka-toka. Kowace bazara Baba yakan sassabe ta ya bar saiwar a ƙasa, ruwa na sauka ta sake tohowa.

Shekarar da na gama karatun aikin gona Baba ya rasu, gona ta dawo hannuna. Na kawo tarakta na tumɓuke sabarar kaf, wai ƙazanta ce. Inna ta ce, "Saiwar nan ita ke riƙe ƙasa." Na yi mata dariya, ni mai takarda. Maƙwabta suka kwaikwaye ni. Damina biyu kacal, ruwa ya kwashe ƙasar ya bar mana tsakuwa.

Da matata ta haihu, aka nemi ganyen sabara na wankan jego aka rasa. Inna da tsufanta ta hau babur har cikin ƙasar Benin ta ɗauro dami, ta yar a gabana.

"Ga ta, malam," in ji ta. "Wannan 'yar ƙasar waje ce, ƙila ka ga darajarta."