Bututun da Malam ya karkatar

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Hamidu tela, kuma a watan jiya fankar da ya kafa a banɗakinmu ta tsaya. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Mai dariya ya yi, amma ya bari in gama.

Mu da muka tashi a Dogon Dutsi, makewayi can ƙarshen gida yake, sama a buɗe, iska tana aikinta. Da muka yi gini a unguwar Talladje ta Yamai, 'ya'ya suka matsa a sa banɗaki cikin ɗaki saboda gwiwoyin Malam, magini kuwa bai bar taga ba. Kafin damina biyu bango ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa. Malam ya sayo ƙaramar fanka mai zuƙe iska, ya ce da kansa zai kafa ta. Na ce, "Malam, keken ɗinki ka sani." Ya ce, "Duk abu mai juyawa dangin keke ne, Hajiya. Riƙe mini tsani."

Hanya mai sauƙi ita ce a huda bangon baya, iska ta fita kai tsaye. To, bayan bangon nan murhun maƙwabciyarmu yake, wata Bazabarma mai suyar ƙosai. Har ya ɗaga guduma, sai ya ji ƙamshin mai, ya ajiye ta. Ya ce ba zai hura wa mutane iskar banɗakinsa a kan abincinsu ba. Maƙeran kwano suka naɗe masa dogon bututu, ya bi da shi ta cikin rufi, ya lanƙwasa sau biyu, ya fitar da shi sama, ya kifa masa hula saboda ruwa. Kwana uku yana wannan aiki, matar nan ba ta taɓa sani ba.

Ashe kwano baki gare shi. Da an kunna fankar sai bututu ya ɗauki ƙara, har zaure ana ji. Kun san ba a magana a banɗaki, in an taɓa ƙofa gyaran murya ake yi. Daga ranar Malam ya huta da gyaran murya. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, in na ji ƙarar na san yana wanka, in ta ɗauke na san lokacin zuba abinci ya yi.

Bayan rasuwarsa, in la'asar ta yi gida ya yi tsit, nakan kunna fankar in koma tsakar gida in zauna. Hankalina ɗaya, na san ba kowa a ciki. Wahalar dai ita ce babu mai kashewa, ni zan tashi in kashe.

Da fankar ta tsaya, ɗana Musa ya aiko da sabuwa daga Kwatano. Mai gyaran wuta ya leƙa rufi ya ce, "Inna, bututun nan ne ya kashe fankar. Ya yi tsawo, ga ƙura cike. Mu huda bango, ko motsinta ba za ki ji ba." Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma na gane gaskiya ya faɗa. Mai ƙosai ta rasu tuni, 'yan haya ne a gidan, ko sunansu ban sani ba. A Yamai ta yau kowa ya liƙa na'urar sanyi a bango, tana hura wa maƙwabci zafi, ba mai cewa uffan. Da Malam ya ga haka, ba zai yi wa'azi ba, zagayawa zai yi ya duba.

Sai na yafa mayafi na zagaya. Na tarar da wata mata ta shimfiɗa tabarma daidai gindin bangon, ita da 'ya'yanta suna cin dambu. Muka gaisa, na ce hanya ce ta biyo da ni.

Na dawo na ce wa mai gyara a wanke bututun, a mayar da shi yadda yake. Ya ce sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Na ce ni ma haka.

An kafa ta. Ya ɗaure bututun tam, yanzu sai ɗan huci take yi, daga tsakar gida ba a jin komai. Na daina kunnawa da la'asar. Abin da nake so in riƙe na Malam ya tafi, abin da shi yake so ya tsaya: iskar gidanmu har yanzu sama take fita. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.