Fuskar Inna Ta Ƙi Zanuwa

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko katin zaɓe ƙin yanka ta yi saboda haka. A bikina ma, da mai hoto ya matso, mayafi ta ja ta juya masa ƙeya. Da ta rasu a Kabo, cikin damina, ba ta bar mana abin da za mu kalla ba.

Ni malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo. Da aka share makoki na koma gida, na ce ai ni zan zana ta da hannuna. Ina! Duk fuskar da na fitar sai ta zama ta wata tsohuwa da ban sani ba. Hancin ya yi, idon ya ƙi. Tsoro ya kama ni sosai, don na gane fuskar mahaifiyata ce take zame mini a hankali.

Wata ranar Asabar haushi ya ci ni. Na yar da buroshi, na tsoma yatsu cikin fenti na dinga shafawa a kwali ina kuka. Shuɗin zaninta na rini, jan ƙasar tsakar gidanmu, baƙin bangon madafa. Wuya ya karkace, hannaye suka fi jiki girma. Wurin fuska kuwa jagwalgwalon fenti ne kawai, ba ido ba baki.

A haka ƙanwar Inna, wadda muke kira Iya, ta zo duba ni ta tarar da zanen jingine da bango. Iya ba ta raga wa kowa, kuma ba ta son zanen mutane. Na shirya shan faɗa.

Ta daɗe a tsaye. Can ta ce, "Yaya ce wannan?"

Na ce, "Ita nake nema, Iya. Fuskar ce ta ƙi zo mini."

Sai ta zauna a bakin gado, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ke ma? Wallahi na ɗauka ni kaɗai ce. Nono ɗaya muka sha, amma in na rufe ido ba na ganinta."

Daga baya ta miƙa yatsa ta nuna ƙirjin zanen.

"Ƙara ja a nan. Allah ya jiƙanta, ta fi haka faɗa."