Garin Laka da Na Zuba wa Ruwa

Ranaku da yawa sun shuɗe mini a aikin koyarwa, amma akwai wadda har yau ba ta bar ni ba. Lokacin ina ƙaramin malami a wata makarantar ƙasar Maradun, a sabon matsugunin mutanen da ruwan madatsar Bakolori ya tasa.

An kai mu kwas Talata Mafara, aka koya mana sabuwar hanya: kada malami ya ɗura wa yaro ilimi, ya ba shi kayan aiki ya gano da kansa, ya ɗora a kan abin da ya sani. Aka ce sufeto zai zo ya ga darasina, kuma da rahotonsa za a tabbatar da ni a aiki.

Na zaɓi darasin madatsar ruwa. Na fitar da 'yan aji huɗu fili, na ce su gina gari da laka a gefen wani ɗan kwari da na haƙa na toshe. Sai suka gina tsohon garinsu. Suna ta gardama kan gidan wa ke kusa da tsamiya, sufeto yana murmushi. Wata yarinya, Hadiza, wadda na sha wuya kafin mahaifinta ya bari a sa ta makaranta, ta jera guntayen kasko a bayan garin. Ban tambaye ta ko mene ne ba.

Na miƙa mata tulu na ce ta zuba. Ta ƙi karɓa.

"Malam, Innata tana nan," in ji ta, tana nuna kaskon.

Na gane maƙabarta ce. Na kuma ga sufeto ya duba agogo. Na ɗaga tulun na zuba da hannuna, ruwa ya taru ya narkar da gidajen. Na tambaye su abin da suka gano. Suka zuba wa lakar ido.

Rahoto ya yi kyau, aka tabbatar da ni. Hadiza ba ta sake zuwa ba. Da na je gidansu neman ta, mahaifinta ya gaishe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini tabarma, sannan ya ce, "Malam, mun ba ka ɗiya ka koya mata abin da ba ta sani ba. Wanga kuwa ta san shi."

Ku da kuke fara aikin nan, hanyar ba ta da laifi, ni na tsallake farkonta. Yaro ba ya shigowa aji hannu banza. Ku fara tambayarsa abin da ya ɗauko, domin wani kayan ya fi ƙarfin darasi.